Ranar da Sarauniyar Wata Duniya Ta Hana Mu Aure a Daura

Tun da labarin ya riga ni isowa Katsina, har na tarar ana ba da shi a teburin mai shayin Ƙofar Ƙaura, kowa yana ƙara masa gishiri gwargwadon haushin da yake ji na, na ga gara in faɗe shi da bakina, ko ba komai a san cewa ban yi barci a wurin ɗaurin auren ba, kamar yadda wani yake yaɗawa.

Waɗanda suka san ni sun san cewa shekara biyu ke nan da na kamu da sauraron littattafai ta waya. Ido ya fara gajiya da ƙananan haruffa, rediyon motata ta mutu tun tuni, ga zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura, tafiyar kilomita kusan 80, kusan kowane mako. Na fara da littattafan yaƙi, na aljanu da matsafa da takubban tsafi, irin waɗanda samari suke karantawa a YouTube da murya mai amo, daga nan na zarce zuwa ƙagaggun labaran kimiyya, na kumbo da 'yan sama jannati da mutum-mutumi masu tunani. Domin in riƙa ji sosai a hanya, na sayi lasifika mai caji, irin wadda ake sayarwa tare da abin magana, na haɗa ta da wayata ta Bluetooth, nake ajiye ta a kujerar gaba kamar fasinja. A lokacin ina tsakiyar wani littafi mai tsawon awa 19, na kai awa ta 11, daidai inda jakadun wata al'umma ta mutanen ƙarfe suka sauke kumbonsu a wata duniya mai rana biyu domin nema wa sarkinsu auren 'yar sarauniya. Jakadan yana gama jawabinsa muka iso ƙofar gidan su amarya, sai na dakatar da karatun, na kashe lasifikar, na jefa wayar a aljihun 'yar ciki. Tun daga Mashi na ƙure sautin saboda iska, kuma na saba sa karatun ya riƙa gudu ninki ɗaya da rabi. Waɗannan abubuwa biyu su ne ban gyara ba.

Ni ne wakilin ango, wanda ɗan yayana ne. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, an jera goro da alewa, sai aka ce babu wuta kuma janareto ya ƙi tashi, saboda haka wani ya tuna cewa akwai lasifika a motar Malam. Ni da kaina na miƙa makulli aka ɗauko ta, har ina jin daɗin cewa na fitar da mutane kunya.

Liman ya buɗe da addu'a, ya yi 'yar nasiha, sannan aka miƙo mini abin magana. Na gyara zama, na gyara murya, na ce: “Allah gafarta Malam, ina nema wa ɗana auren 'yarku, a kan sadaki naira 200,000, lakadan ba ajalan ba.” Sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita wa na baya. Aka miƙa wa waliyyin amarya abin magana, ya hura shi sau biyu, bai yi ƙara ba. Sai yaron da ke tsugune kusa da lasifikar ya yi abin da kowane yaro yake yi wa na'urar da ta ƙi aiki, wato ya kashe ta ya sake kunnawa. Na ji muryar Baturiyar nan da ke cikin irin waɗannan lasifikoki ta yi 'yar sanarwarta, irin wadda nake ji kullum da safe in zan tayar da mota, kuma wallahi ko a lokacin ban fahimci abin da ke shirin faruwa ba, sai ma na gyaɗa kai kamar mai cewa yauwa, ta gyaru.

Saurayin da ke karanta littafin yana yi wa kowa muryarsa daban, kuma muryar da ya ba sarauniya mai kauri ce, irin ta dattijon da ya saba a saurare shi. Ita ce ta cika rumfar, da sauri kamar mai faɗa: “Mun ji buƙatarku, ya ku baƙi. Ku koma ku shaida wa wanda ya aiko ku cewa ba ma aurar da 'yarmu ga wanda ba shi da jini a jika, wanda ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba, a masana'anta aka haɗa shi da kusoshi.”

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, abin maganar yana daidai bakin waliyyi. Kowa shi ya kalla. Shi kuma bawan Allah bakinsa cike yake da goro, bai iya cewa komai ba, sai ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar wanda aka tare a hanya. Sanƙira kuwa, wanda aikinsa maimaitawa ne ba tunani ba, kuma ya ba rumfar baya yana fuskantar jama'ar da ke bakin titi, sai ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya kwarara: “Jama'a a saurara! Sun ce sun ji buƙatarku! Sun ce ba sa aurar da 'yarsu ga wanda ba shi da jini a jika!” Sai da ya kai kan kusoshi sannan ya tsaya ya waiwayo, amma a lokacin magana ta riga ta kai ƙarshen layi, inda abokan ango suke tsaye a jikin motoci.

Kawu, wanda shekara goma ke nan sai an yi masa ihu a kunne kafin ya amsa gaisuwa, ranar bai rasa ko harafi ɗaya ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, jikinsa yana rawa, ya ce: “Wane ne ba a san ubansa ba? Ni na yanka ragon sunan yaron nan da hannuna!” Mutum biyu suka riƙe shi, yana fizgewa yana neman takalmansa.

Ni kuwa na gane muryar tun daga kalmar farko, amma jikina ya yi sanyi, na zauna kamar an dasa ni, ina fatan a ɗauka daga wani gida take fitowa. Da na ga Kawu ya miƙe, sai na shiga neman wayar. Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci ya san cewa aljihun 'yar ciki ba ya samuwa ga mai gaggawa. Na tura hannu ta wuya, na kasa. Na tura ta gefe, na ciro ƙaramar wayata ta kira, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, na tsaya ina danna ta. Da ƙyar na zaro babbar, na ɗora yatsa domin ta buɗe, ta ƙi, saboda zufa ta jiƙa hannun. Na goge a gwiwa, na sake ɗorawa, ta buɗe. A manhajar akwai maɓalli uku a jere: na tsayarwa a tsakiya, na tsallakewa gaba a dama, na komawa baya da daƙiƙa 30 a hagu. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya yi mini adalci, domin yatsan da ke rawa ba ya zaɓe. Na hagun na danna.

Saboda haka duk wanda bai ji da kyau ba a karon farko, ya samu dama ta biyu. Sarauniya ta sake jin buƙatarmu, ta sake hana mu, ta sake ambaton uwa da uba da kusoshi, kuma a wannan karon ta samu sarari ta ƙara da cewa ta ba mu daƙiƙa 10 mu ɗaga kumbonmu, in ba haka ba ta mai da mu toka. Wani yaro a bayan rumfa ya fara ƙirgawa da ƙarfi, har ya kai huɗu kafin a make shi.

A nan ne mutumin nan ya shigo, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, wanda muka yi aji ɗaya da shi tun firamare, kuma har yau yake riƙe da tsanina da ya ara tun daminar bara. Yana zaune kusa da lasifikar, tsakaninsa da maɓallin kashewa bai kai kamu ɗaya ba, kuma ya san littafin, domin sau biyu na rage masa hanya zuwa Daura yana saurare yana tambayata ko mutanen ƙarfe suna cin tuwo. Da mutumin kirki ne, da ya miƙa hannu ya kashe, a ce na'ura ce ta kamo wata tasha, magana ta wuce. Maimakon haka sai ya miƙe tsaye, ya nuna ni da hannu, ya ce da murya ta shela: “Jama'a a kwantar da hankali, ai wayar Malam ce, tatsuniyarsa ce yake ji!” Bai tsaya nan ba, sai ya shiga yi wa dattawa bayanin labarin, kuma ya ɓata shi, yana cewa wai aljanu ne suka zo neman aure, alhali ko aljani ɗaya babu a littafin, kuma na sha yi masa bayanin bambancin labarin tsafi da na kimiyya, cewa a na kimiyya dole marubuci ya kawo dalili ko da na ƙarya ne, a na tsafi kuwa sai dai kawai a ce boka ya yi ƙulumboto. Wannan mutumin shi ne kuma yake yaɗa cewa barci na yi wayar ta faɗi. Shi ne ya fara kirana Wakilin Ƙarfe tun kafin a raba goro, sunan da yanzu har masu sayar da kati a unguwarmu suke kirana da shi. Da na yi masa magana daga baya, cewa ya yi ai ceton aure ya yi, in gode masa.

Yaron da ya jawo abin shi ne dai ya kashe lasifikar a ƙarshe. Wuri ya yi tsit, ban da Kawu da ake ta yi wa bayani a kunne. Liman, wanda ko gezau bai yi ba tun farko, ya dube ni ta saman tabarau ya ce: “Malam, in baƙuwar taka ta gama, sai a sake neman auren.” Haka na sake maimaita jawabina da baki, babu na'ura, muryata tana karkarwa, na ce lakadan ba ajalan ba kamar mai roƙon gafara. Waliyyi ya tofar da goronsa, ya buɗe baki zai amsa, sai ya dakata ya juya ya kalli lasifikar tukuna, kamar mai jiran izini. A nan ne dariyar da kowa yake dannewa ta fashe, har da liman, wanda ya rufe fuska da gefen rawani. An ba mu auren, na karɓa, an shafa fatiha, kuma duk wanda ya zo yi mini barka sai ya tambaye ni a ina na ajiye kumbon.

A hanyar dawowa na yi ƙoƙarin wanke kaina a wurin Kawu. Na ce masa ba a kanmu aka fara ba, domin a ranar 30 ga Oktoba 1938 gidan rediyon CBS a Amurka ya watsa wasan kwaikwayo na mamayar halittun duniyar Mars a cikin sigar labaran gaggawa, wasu masu sauraro suka ɗauka gaskiya ne suka firgita. Ya ce su Amurkawan a wurin ɗaurin aure aka yi musu? Na ce masa littafin saurare ba wasan yara ba ne, tun a shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai domin makafi. Ya ce to ni makaho ne? Da na ga ba ni da mafita sai na ce, Kawu, mu da muke da rijiyar Kusugu, da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo daga nesa ya kashe shi ya auri sarauniya, bai kamata mu raina labarin baƙi masu neman auren 'yar sarauta ba. Ya ce wannan tarihi ne, kuma Bayajidda an san ubansa, sannan ya mai da kunnensa yadda yake a da, bai sake jin komai ba har muka shigo gari.

Ɗana ne ya gaya mini daga baya cewa Bluetooth yawanci ba ya wuce kamar mita 10, wato da na tashi kawai na yi taku goma sha biyar zuwa bakin titi, da sarauniya ta yi shiru da kanta. Na ce masa ina yake lokacin da ake bukatar wannan ilimin, ya ce yana bakin titin yana ɗaukar bidiyo.

Lasifikar tana can Daura, an ce matan gidan sun riƙe ta domin kamu da wuni, kuma ba ni da fuskar da zan je in karɓo. Saura awa 8 a littafin, ban sake buɗe shi ba, don haka masu tambayata ko daga baya an ba mutanen ƙarfe auren su yi haƙuri, ni ma ban sani ba. Sanƙira ya aiko cewa ban sallame shi ba, wai aikin biyu ya yi ranar. Tsanin kuma har yanzu shiru.