Ciki ba ya kwanciya ya tashi

Sau da yawa za ka ji an ce wance cikinta ya kwanta, sai bayan shekara biyu ko uku ya tashi. Ɗan tayi mai rai ba ya dakatar da girma ya jira. Daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirga ciki, mako 40 ne, kusan kwana 280. Wajen mako na 6 zuciyar ɗan tayin ta fara bugawa. A mako na 12 tsawonsa ya kai kamar santimita 6, yatsunsa sun rabu. Tsakanin mako na 16 da na 22 uwa take fara jin motsi. Mabiyiya, wadda take kai masa abinci da iska ta igiyar cibiya, ita ma tana da wa'adi, idan aka haura mako 42 aikinta yakan ragu.

To me ake gani har a ce ya kwanta? Wani lokaci ɗan tayin ne ya mutu bai fita ba: laulayi ya ɗauke, nono ya saki, ciki ya daina tasowa. Wani lokaci ƙari ne a mahaifa, ko al'ada ce ta tsaya saboda shayarwa, daga baya aka sami sabon ciki.

Jiran ya tashi yana da haɗari ƙwarai, domin abin da ya rage a mahaifa yakan jawo zubar jini da zazzaɓi mai tsanani. Hoton ciki a asibiti yana nuna ko zuciya tana bugawa cikin 'yan mintuna.