Ɗan maɓallin O/D da D3 ɗin nan, a cikin gari suna da rana

Jama'a akwai wani ɗan maɓalli a jikin sandar giya na motoci otomatik da yawa, musamman tsofaffin Toyota masu giya huɗu irin su Corolla da Camry, an rubuta O/D a kansa, kuma na lura mutum sai ya shekara biyar da mota bai taɓa danna shi da gangan ba, ranar da babban yatsansa ya goge shi fitilar O/D OFF ta kama a dashbod sai hankalinsa ya tashi ya ɗauka mota ta lalace. Masu Honda su kuma nasu D3 ne, yana nan ƙasan D ko D4. Aikinsu ɗaya ne, ka ce wa giyabos iyakarki giya ta uku, kar ki hau ta ƙarshe.

Ni dai ra'ayina, in motarka irin wannan ce kuma yawancin zirga-zirgarka cikin gari ne, akwai wurin da ya kamata ka hana ta shiga giyar ƙarshen nan.

Abin da ya sa na fara kula shine wani titi da nake bi kullum in zan fita aiki, doguwar hanya ce tsakanin danja biyu mai ɗan hawa kaɗan, motoci na tafiya amma ba a sake ba, gudu bai wuce 50 zuwa 60 ba. Sai motar ta hau giya ta huɗu, allurar rpm, wato mai nuna saurin juyawar inji, ta faɗo ƙasa, injin ya yi lakwas, na gabana ya ɗan taɓa birki nima in ɗaga ƙafa, da na mayar da ƙafa kan totur sai ta yi jim kamar tana tunani, sannan ta dawo ta uku da 'yar zabura har ka ji a bayanka, ko daƙiƙa goma ba a yi ba ta sake hawa ta huɗu. Haka za ta yi ta yi, hau sauka hau sauka, har mu kai danja. Ranar da na danna maɓallin nan a daidai wurin wallahi kamar an canja min mota, allura ta tsaya wuri ɗaya, in na taka ta amsa nan take, in na ɗaga ƙafa ta rage gudu da kanta ba sai na yi ta dannar birki ba.

Toh wannan hawa da saukar shi ne abin da nake gudu. Duk canjin giya ɗaya da ka ji, a cikin giyabos akwai fayafayan kulochi da suke saki wasu su kama, kuma kafin su kama gam sai sun ɗan goge juna a cikin mai, gogar nan ita ke cin su sannu a hankali kuma ita ke kawo zafi. Ga kuma tok konbata, wadda ke haɗa inji da giyabos ta hanyar mai, ita ma tana da nata kulochin da ke kullewa in tafiya ta miƙa, ya buɗe in ka taka ko ka rage, duk sanda yake a buɗe man yana ta dakuwa yana ɗaukar zafi. Kuma duk bakaniken da ya san giya zai gaya maka babu abin da ke kashe man giya kamar zafi. Man da ka zuba ja garau, ka zaro sandar awo bayan wani lokaci ka goga a farin ƙyalle ka ga ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, toh ya sha wuya.

Nasan abin da za a ce min, ai mai za ta sha. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma duk wanda ya ce maka kashe O/D na rage shan mai bai faɗa maka daidai ba. Ita giyar ƙarshen an yi ta ne dama don a sauƙaƙa wa inji, a irin waɗannan motocin giya ta uku kusan ɗaya da ɗaya take, ta huɗu kuma wajen 0.7, wato inji ya juya sau bakwai abin da ke fita daga giyabos ya juya sau goma. Kaga kenan in a babbar hanya allurarka na kan 2,500 a ta huɗu, ka hana ta, za ta tashi wajen 3,500 a gudu ɗaya, ga ƙara ga shan mai. Amma a gudun 50 bambancin ba wani mai yawa bane, kuma ni gara in ƙara ɗan mai kaɗan da a sauke min giyabos. Sharaɗin kawai shine da zarar hanya ta buɗe ka sake danna shi fitilar ta mutu, ko ka mayar D. Na taɓa mantawa na yi tafiya mai nisa a haka, sai da ƙarar injin ta dame ni na duba dashbod, kuma a tanki na ga sakamakon.

A cikin goslo na gaske kuwa, irin wanda kake tafiya taku biyu ka tsaya, maɓallin nan bai da wani amfani, motar ko ta uku ba ta kai ba balle ta huɗu, ka danna ko kar ka danna duk ɗaya. Kuma don Allah masu jefa mota a 2 ko L suna yawo cikin gari wai don ta yi ƙarfi ku daina, waɗannan na gangara mai tsanani ne ko hawan tudu da kaya, inda kake so inji ya riƙe maka mota kar birki ya yi zafi ya sake.

Sabbin motoci masu giya shida, takwas, har goma, maganarsu daban ce. Tazarar da ke tsakanin giyoyinsu kaɗan ce, kwamfutarsu kuma tana lura da yadda kake taka totur da ko hawa kake, da wuya ka ji irin wancan ruɗewar, ka bar ta a D kawai. In ma ka ji tana yi, wasu Toyota in ka tura sandar gefe zuwa S za ka ga ta nuna 4 a dashbod, ma'ana ba za ta wuce ta huɗu ba, kana iya ƙarawa ko ragewa da + da -. Mai irin giyabos ɗin da ake kira CVT kuma shi ba giyoyi ne jere a ciki ba balle a ce ana hawa ana sauka, wannan maganar ba tasa bace.

Abu ɗaya da nake so a bambance, fitilar O/D OFF in ta kama ta tsaya cak, kai ne ka danna, ba komai. Amma in tana ƙiftawa tana kamawa tana mutuwa ita kaɗai, ko a Honda ka ga D ko D4 na ƙiftawa, wannan giyabos ce ke gaya maka akwai matsala, kar ka tsaya danne-danne, ka kai a jona mata kwamfuta a karanto lambar da ta ajiye. Haka in ka hana giyar ƙarshe amma har yanzu tana fizga ko tana jan lokaci kafin ta shiga, maɓalli ba zai gyara wannan ba, fara da duba man giya, yawansa da launinsa, kuma ka tabbatar irin wanda littafin motar ya ce ne aka zuba mata.