A Ba Masu Wasan Mota Fili da Agogo

Duk sanda aka turo bidiyon wasan mota daga gida, irin wanda samari ke yi bayan ɗaurin aure ko da yammacin Lahadi a titunan Abuja, Kano ko Kaduna, bakin mutane ɗaya ne: 'ya'yan masu kuɗi ne marasa tarbiyya, a kama su. Ni ma abin yana ci mini rai, domin kwaltar da suke juya mota a kai ita ce mai adaidaita sahu ke bi ɗauke da yara 'yan Islamiyya. Amma ban yarda kamu kaɗai zai kawo ƙarshensa ba. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda shi ma yake tseren mota a ƙarshen mako, a nan jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka.

Irin tseren da muke yi ba shi da kwana, ba shi da zagaye. Motoci biyu ne ke jerawa a miƙaƙƙiyar hanya, kowa da layinsa, katangar kankare ta raba su da 'yan kallo. Asalin tsawon hanyar rubu'in mil ne, wato mita 402, amma yawancin ƙananan filayen kudancin Amurka rabin haka suke yi, mita 201. Masu zuwa kuwa ba 'yan wasan sana'a ba ne. Akwai mai walda, akwai direban babbar mota, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tsohon da ya yi ritaya ya zo da jikansa. Litinin kowa yana wurin aikinsa.

Kafin tayarka ta taɓa layi sai an duba motar. Mai dubawar zai buɗe gaba ya girgiza batir ya ga ko a ɗaure yake, ya leƙa ƙasa ko mai ko ruwan lagireto na ɗiga, ya ja bel, ya ƙirga notin taya. Ɗigo ɗaya na baƙin mai ya isa ya ce ka koma gefe, kuma ba a roƙonsa. Gwargwadon gudun motarka, gwargwadon abin da za a nema daga gare ka: idan ta fara sauri sai hular kwano, idan ta ƙara sai an girka ƙarafan kariya a ciki, idan ta wuce nan sai rigar da wuta ba ta ci da takardar shaidar ƙwarewa. Motar asibiti tana tsaye a gefe tun kafin a fara.

Abin da ya riƙe ni a wannan wasa shi ne tsarin da 'yan ƙarshen mako ke bi, wanda ya hana kuɗi yin sarauta. Kowane direba zai rubuta a gilashin motarsa, da farin alli, sakan nawa yake ganin zai yi kafin ya kai ƙarshe. A ce ni na rubuta 10.50, abokin karawata mai injin da ya ci dubban daloli ya rubuta 6.50. To fitilata za ta riga tasa kunnuwa da sakan 4, na tafi ya biyo ni. Idan kowannenmu ya yi daidai abin da ya rubuta, tare za mu isa. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, ko da shi ya fara tsallake layi. Wanda ya tashi kafin koriyar fitila ma ya faɗi, jar fitila za ta tona shi a gaban kowa.

Saboda haka ba a cin wannan tsere da ƙure maleji. Ana cinsa da sanin mota da natsuwa. Fitilu uku masu ruwan ɗorawa ne ke sauka ɗaya bayan ɗaya, rabin sakan tsakaninsu, kuma wanda ya jira ya ga kore da idonsa ya makara. Dole ka san lokacin da ƙafarka da motarka ke ɗauka kafin su motsa. Dole ka san cewa motar da ta yi 10.50 da sanyin safiya ba za ta yi shi da zafin azahar ba, domin iska mai zafi tana rage wa inji ƙarfi. A ƙarshen hanya akwai 'yar rumfa, a miƙo maka siririyar takarda mai ɗauke da lokacinka har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na sha ganin dattijuwa da tsohuwar motar zuwa kasuwa ta sallami saurayin da injinsa ke girgiza ƙasa, ya fito ya miƙa mata hannu.

To a dubi namu. Yaron da ke juya mota a shataletale ba shi da agogo, ba shi da layi, ba shi da takarda. Ladansa kawai ihun 'yan kallo da wayoyin da aka ɗaga. Ihu kuwa ba ya ƙaruwa sai ganganci ya ƙaru: a matso kusa da mutane, a fito da rabin jiki ta taga, a ɗora abokai a kan but. Wanda ya fi kowa sanin mota ba shi da hanyar nuna hakan, sai wanda ya fi kowa rashin tsoro. Kuma wanda tsautsayin ke faɗa wa sau da yawa bai ma san ana wasa ba, hanyarsa kawai yake wucewa.

Amurka ma ta ga wannan zamani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari sun dawo da sanin inji, suka mayar da titunan Kalifoniya filin tsere, jaridu na zagi, 'yan sanda na kamu. A 1950 aka fara shirya tsere na ƙa'ida a filin jirgin sama na Santa Ana. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar masu tseren mota ta NHRA domin a janye wasan daga titi, kuma a garin Pomona da goyon bayan 'yan sanda aka samar wa samarin fili. A 1992 har yara aka buɗe wa nasu rukunin da ƙananan motoci. Mu ma ai mun san wannan hikima a kan doki. Ba wanda ya ce a hana sukuwa don doki na kayar da mutum. Fili aka ware mata, shi ya sa har yau akwai filin sukuwa a Kano da Yamai.

Ba ina cewa nan an gama da matsalar ba ne. Har yanzu akwai masu tare mahaɗar tituna da daddare suna juyi, ana kuma rasa rayuka. Filayen kansu suna ta rufewa saboda tsadar ƙasa da ƙorafin maƙwabta a kan ƙara: na Englishtown ya daina tsere a 2018, na Atlanta ya rufe a 2021, na Houston a 2023, kuma duk inda aka rufe, masu wasan ke fara nuna fargabar yara za su koma titi. Fili ma ba ya hana ƙaddara. Rasuwar direban tsere Scott Kalitta a haɗarin da ya yi a fili a 2008 ce ta sa aka rage wa motocin tsere mafiya gudu tsawon hanya zuwa mita 305. Yayana yakan ce mini a waya, “Kai da iyali, me ya kai ka?” Ina gane damuwarsa, ina kuma gaya masa cewa a fili na san wanda ke gefena an duba birkinsa, abin da ba zan iya cewa ba a kan babbar hanyar da nake bi zuwa aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makanikanmu. Wanda ya taɓa zama a Ƙofar Ruwa, ko Panteka, ko Apo, ya ga yadda ake tayar da injin da a nan sai dai a jefar, ya san hannun da muke da shi. Waɗannan mutane ba su taɓa samun wurin da agogo zai shaida aikinsu ba. Abin da ake bukata bai kai gina filin ƙwallo ba: kwalta miƙaƙƙiya a bayan gari mai isasshen wurin taka birki, katanga, na'urar auna lokaci, motar asibiti da 'yan kwana-kwana, sai jami'an kiyaye haɗurra su tsaya a ƙofa suna duba motoci da lasisi. A buɗe wa masu babur ma nasu layin. Ranar da aka samar da wannan, duk wanda aka sake kamawa yana juyi a shataletale, a ƙwace lasisinsa a kuma hana shi shiga filin.