Ƙannena, ku kalli fim ɗin har ƙarshe

Kwanakin nan ina ganin samari na tura wa juna gutsuren tsofaffin finafinan fashi, irin na baƙi da fari, minti biyu ko uku, daidai inda ake fasa akwatin ƙarfe. Sai a yi ta jinjina wa ɓarayin, wai sun iya aiki. Abin yana damuna, domin wanda ya yanko muku gutsuren ya ɓoye muku rabin labarin.

Ku ɗauki Rififi, wanda Jules Dassin ya shirya a Faransa a 1955. Wurin da kuke so shi ne kusan rabin awar da mutum huɗu suka yi suna huda rufin shagon masu sayar da lu'ulu'u a birnin Faris, babu magana, babu kiɗa, har da buɗe lema a cikin ramin don kada ɓaraguzai su faɗo ƙasa su yi ƙara. Ni ma na riƙe numfashi da na kalla, ba zan ɓoye ba. To amma me ya biyo baya? Ɗaya daga cikinsu ya zare zobe guda a ɓoye ya ba wata mawaƙiya. Zoben nan ya tona su wurin wasu 'yan daba, aka sace ƙaramin yaron ɗaya daga cikinsu, kuma cikin su huɗun babu wanda ya rayu ya ci kuɗin.

Wani zai ce ai dokar tace finafinai ce ta tilasta irin wannan ƙarshe. A Amurka haka abin yake a wancan zamanin, domin a 1934 aka tsananta ƙa'idar da ta hana a nuna mai laifi ya ci riba. Amma Rififi ba a ƙarƙashin wannan ƙa'ida aka yi shi ba, kuma can ya kai su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Asphalt Jungle na John Huston, 1950. Ku lura da wanda ya yi alkawarin ɗaukar nauyin fashin: wani lauya mai gida da mota da mutunci a gari, wanda bai taka ƙafarsa shagon lu'ulu'un da aka fasa ba, kuma tun kafin a fita ya gama ƙulla yadda zai cuci waɗanda suka sa wuyansu. Ga ɗan sanda mai cin hanci a gefe. Shi kuwa Dix, ƙaton da aka ɗauka don ƙarfinsa, burinsa kawai ya fanshi gonar dawakin iyayensa a Kentucky. Duk wanda ya ga yadda manya ke ɗaukar yaran unguwa aikin daba lokacin zaɓe, su watsar da su bayan an rantsar, zai gane wannan tsarin ba sai an yi masa bayani ba.

Don Allah, in za ku kalla, ku zauna ku kalla daga farko, ku lura da ɗakunan haya masu duhu da mutanen nan ke kwana, da bashin da ke wuyansu, da yadda kowa ke tsoron abokinsa. Dix ya isa gonar kuwa, da harsashi a jikinsa, jini na zuba tun daga birni. Ya faɗi a cikin ciyawa, dawakin suka matso suna shinshinar gawarsa.