Maganin ADHD mai arha ba jabu ba ne

Ga abin da aka yi wa wata baiwar Allah a kantin magani, kuma na ga wasu har suna kare yaron kantin. Uwa ta taso tun daga Kware da takardar likita a hannu don sayen maganin ADHD na ɗanta, wato larurar da ke hana yaro natsuwa da zama wuri ɗaya, ta zaɓi abin da aljihunta zai iya, yaron kantin ya dube ta a gaban jama'a ya ce, "Hajiya, wanga jabu na, in kina son ɗanki ki sai orijinal." Wallahi wannan cin fuska ne, kuma neman riba ne tsagwaronsa.

Arha daban, jabu daban. Ritalin, ɗaya daga cikin magungunan ADHD, suna ne da kamfani ya raɗa, abin da ke cikin ƙwayar methylphenidate ne, tun shekarun 1950 ake sayar da shi. Concerta ma shi ne a ciki. Strattera kuwa atomoxetine ne. Idan wa'adin mallakar kamfanin farko ya ƙare, wasu kamfanoni kan yi nasu, kuma tunda ba su suka kashe kuɗin bincike ba, farashi sai ya sauko. Ƙa'ida ita ce su nuna nasu na shiga jini kamar na asalin. Mai buga jabu kuwa ai sau da yawa babban suna yake kwaikwaya, can kuɗin suke. Tsada ba ta taɓa zama shaidar inganci ba.

Na san za a ce, "ni da aka canza wa ɗana sai ya rikice." Ban ƙaryata ku ba. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sauke darajar wasu guda biyu da aka yi a madadin Concerta, na Mallinckrodt da na Kudco, saboda ba sa sakin magani yadda na asalin ke yi. Concerta an ƙera shi ya riƙa fita a hankali har kusan awa 12, Ritalin na gajeren zango kuwa awa 3 zuwa 4 ya gama. To matsalar can ta yanayin sakin magani ce, kuma likita ke warware ta. Ba hujja ba ce ta kiran duk mai arha jabu. A duba sunan sinadari, miligiram nawa, gajeren zango ne ko dogo, da lambar NAFDAC. In yaro ya daina barci ko cin abinci bayan canji, a koma asibiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarshen irin wannan kunyatarwa. Uwa ta sayi mai tsada wata guda, wata na biyu ta kasa, ko ta fara raba ƙwaya biyu don ta kai, alhali Concerta ba a fasa shi, ba a tauna shi.

Su kuma malaman makaranta, boko da islamiyya, don Allah ku sauke bulalar nan. Yaron da ya kasa zama wuri ɗaya ba duka ne ɗan banza ba. Ku zaunar da shi gaba kusa da ku, ku gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, ku kira iyayensa.