Yaren mutum miliyan biyar, littafi miliyan hamsin

Bas mai lamba 21 nake ja a Oslo, babban birnin Norwe, kuma hanyarta ta bi ta wani titi da ake kira Waldemar Thranes gate. A bakin titin akwai wani tsohon gidan abinci mai suna Schrøder, wanda in ba nuna maka aka yi ba ko ɗaga kai ba za ka yi ka kalle shi ba. Amma da rani sai ka ga baƙi tsaye a ƙofarsa suna ɗaukar hoto. Wata rana wata dattijuwa Bajamushiya ta shigo motata, ta buɗe littafi ta ɗora yatsa a kan wani suna, tana tambaya ina ne Sofies gate. Na sauke ta a Bislett na yi mata kwatance. Gidan da ta taso tun daga Jamus take nema gidan mutumin da ba a taɓa haifa ba ne, wato Harry Hole, ɗan sandan cikin da marubuci Jo Nesbø ya ƙirƙira. A Schrøder yake zama ya sha, a Sofies gate yake kwana, duk a cikin littafi.

Ranar na wuni ina tunanin Kano. Ina tunanin ko akwai lungu ɗaya a Fagge ko Gwammaja da wani baƙo zai zo nema domin ya karanta shi a littafin Hausa.

Shi Nesbø an haife shi a Oslo a 1960, ya tashi a Molde, wani ƙaramin gari a gaɓar teku. Ƙwallo ya so ya bi, har ya buga wa ƙungiyar garin, sai jijiyar gwiwa ta tsinke tun bai kai shekara ashirin ba. Ya yi aikin soja, ya karanta tattalin arziki a Bergen, ya zama dillalin hannun jari da rana, da dare kuma mawaƙi a wata ƙungiya mai suna Di Derre wadda ta yi tashe a Norwe. Da gajiya ta kama shi sai ya ɗauki hutu ya hau jirgi zuwa Ostireliya, a can ya rubuta littafinsa na farko, Flaggermusmannen, wato Mutum-jemage. Abin da ya burge ni shi ne da ya dawo bai sa sunansa a kai ba. Ya aika wa kamfanin ɗab'i na Aschehoug da sunan aro, don kada a karɓa saboda shaharar waƙa. Littafin ya fito a 1997, yana da shekara 37, ya ci kyautar Riverton ta Norwe, a shekarar da ta biyo kuma ya ci ta ƙasashen arewacin Turai baki ɗaya. Yau an sayar da littattafansa fiye da miliyan 50, an fassara su zuwa harsuna kusan 50. Mutanen Norwe gaba ɗayansu miliyan biyar da rabi ne, ba su kai mutanen jihar Kano ba.

Wannan lissafin ne yake hana ni sakat.

Na fara karanta Nesbø ne a wata Ista. A nan in Ista ta zo gari yakan yi tsit, mutane su tafi bukkokinsu na kan duwatsu, kowa da littafin kisan kai a jaka. Al'ada ce mai suna, påskekrim, kuma an san mafarinta: a 1923 wani kamfanin ɗab'i ya sa tallar littafi a shafin farko na jaridar Aftenposten kamar labari na gaske, cewa an yi wa jirgin ƙasan Bergen fashi da dare. Mutane suka ɗauka gaskiya ne, littafi ya yi kasuwa, abu ya zama gado. Har a jikin kwalin madara ana buga ɗan labarin bincike a wannan lokaci, yara su warware a kan teburin karin kumallo. Ƙasar da a yawancin shekaru kisan kai ba ya kai hamsin, ita ce ta fi kowa son karanta labarinsa. Wani abokin aikina ne ya miƙo mini littafin Nesbø mai suna Rødstrupe, sunan wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ya ce in ina son yarensu ya zauna mini to in bar littafin makaranta in kama wannan. Wata huɗu na yi a kansa da ƙamus a gefe.

Ba duk abin da ke cikin littattafansa nake so ba. Akwai wuraren da yake siffanta yadda aka azabtar da mutum, musamman mata, har sai na rufe littafin na ajiye. A ganina ya wuce gona da iri, kuma na baya-bayan nan sun fi na farko wannan hali. Shi kansa Harry Hole mashayi ne da ba ya iya riƙe alƙawarin barin kwalba, mai ɓata wa duk wanda ya so shi rai. Ba jarumin da za ka so ɗanka ya kwaikwaya ba ne. Amma Rødstrupe daban yake, kuma a kansa nake so in tsaya.

Jamus ta mamaye Norwe daga 1940 zuwa 1945. Labarin da 'yan ƙasar suka fi son faɗa shi ne na waɗanda suka yi tirjiya, suka shiga daji, suka yi wa abokan gaba zagon ƙasa. Akwai wani labarin da ba a son tayarwa, na dubban samarin Norwe da suka sa kakin Jamus da son ransu suka tafi yaƙi da Rasha. Mahaifin Nesbø yana cikinsu. Ya yi yaƙi a kusa da Leningrad, bayan an gama ya yi shekara uku a kurkuku, alhali dangin mahaifiyarsa suna ɓangaren masu tirjiya. Yana da shekara 15 uban ya zaunar da shi ya gaya masa. Ka duba nauyin wannan magana a kan yaro. Shekaru bayan rasuwar uban, sai ya ɗauko abin da ya ji ya gina littafi a kai, ya shiga ramin yaƙi tare da waɗannan samari, ya nuna sanyi da yunwa da tsoron da suka sha da kuma dalilin da ya kai su, bai wanke su ba, bai kuma mai da su aljanu ba. Littafin ya fito a 2000, a 2004 masu karatu a Norwe suka zaɓe shi a matsayin littafin bincike mafi kyau da aka taɓa rubutawa a ƙasar. Mutum ya tona asirin gidansu da na ƙasarsa, ƙasar ta rungume shi.

Mu fa? Mun ga Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970. Mun ga Maitatsine a Kano a 1980. Tun 2009 muke cikin bala'in Boko Haram, ga 'yan bindiga a Zamfara da Katsina. Kowane gida da abin da ya binne. Akwai marubutan da suke taɓa waɗannan abubuwa, Allah ya saka musu, amma da yatsa za ka ƙirga su. Tarbiyyarmu ta rufin asiri ce, kuma ni ban raina ta ba, ta riƙe gidaje da yawa. Sai dai akwai ciwon da in an rufe shi ruɓewa yake yi.

Akwai kuma wani bambanci da na daɗe kafin in gane. Littafin bincike yana tsaye ne a kan yardar mai karatu cewa in an kashe mutum wani zai bi sawu har ya gano. A littattafan Nesbø akwai lalatattun 'yan sanda, har da babban jami'i mai fasa-ƙwaurin bindigogi, amma mai karatu ya san a ƙarshe akwai fayil, akwai kotu. A namu labaran sakayya ba ta cika biyowa ta ofis ba. Alhaki ne yake kama mugu, ko ciwo, ko karayar arziki, ko 'ya'yansa su juya masa baya. Marubutanmu ba kuskure suka yi ba, abin da jama'a suka yarda da shi suka rubuta. Shi ya sa muna yara muke hayar littattafan James Hadley Chase a kan 'yan kwabbai mu karanta 'yan sandan Amurka, ba mu taɓa tsammanin ganin irinsu da sunan Musa ko Audu ba. Ni kuwa ina ganin nan ne ma labarin yake. Ɗan sandan ciki mai gaskiya a wurin da gaskiya ba ta da gata, wanda albashinsa bai isa ba, surukinsa na neman alfarma, maigidansa na cewa a rufe magana. Wanda ya rubuta wannan da Hausa mai kyau ya rubuta abin da Bajamushiyar nan ba ta taɓa karantawa ba.

To amma ko an rubuta, wa zai kai mata? Nan ne na fi jin takaici. Nesbø gwani ne, ba musu, sai dai ba shi kaɗai ya ɗauki kansa ba. Tun 1965 gwamnatin Norwe take sayen sababbin littattafan adabi da suka cika sharaɗi ta raba wa ɗakunan karatu na ƙasa, shekaru da yawa kwafi 1,000 na kowane littafi. Ma'ana sabon marubuci da kamfaninsa sun san ba za su yi asarar gaba ɗaya ba. Ba a ɗora wa littafi harajin saye da ake ɗora wa sauran kaya. Tun 1978 akwai hukuma mai suna NORLA wadda aikinta kenan ta tallafa da kuɗi a fassara littafin Norwe zuwa wasu harsuna. Sannan ga edita da zai zauna da kai wata da watanni yana ce maka babi na tara bai tsaya ba, koma. Da Ingilishi ma ya samu mai fassara guda, Don Bartlett, wanda ya bi shi littafi bayan littafi har muryar ta zauna. Duk da haka abin bai zo da sauri ba. Sai a 2005 aka fara fitar da shi da Ingilishi, da littafi na biyar ma aka fara, na farkon ya jira har 2012. Tashen Stieg Larsson, marubucin labaran bincike na Suwidin, ya buɗe masa ƙofa, littafinsa Snømannen na 2007, wato Mutumin Ƙanƙara, ya ƙarasa aikin. Fim ɗin da aka yi da shi a 2017 bai yi armashi ba, kuma bai rage wa littattafan komai ba.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan hannu. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, har yau su ake karantawa a makaranta. Daga shekarun 1980 kuwa marubutan Kano da kansu suka riƙe abinsu, da yawansu mata. Mace ta rubuta a littafin makaranta, ta tara kuɗin adashi ta kai maɗaba'a, ta kai wa ɗan kasuwa ya karɓa bashi, ta yi ta sintirin karɓar kuɗinta. Ba edita, ba tallafi, ga zargin ɓata tarbiyya. A haka suka cika kasuwa daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Da aka tashi fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ingilishi a 2012, wani ƙaramin kamfani ne a Chennai ta Indiya ya buga shi. Na yi murna, na kuma ji kunya. Masu kuɗinmu da ke raba motoci a wajen biki, kuɗin mota ɗaya zai fassara littafi goma. Shi Nesbø tun 2008 ya ware kuɗin littafinsa guda ya kafa gidauniyar koya wa yara karatu da rubutu a ƙasashe matalauta.

Ƙanwata tana rubutu. A WhatsApp take sakin labarinta shafi-shafi, mai son ci gaba ya tura ɗari biyar a sa shi a rukuni. Kafin ta kai babi na goma wani ya kwafe ya watsa kyauta. Tana da kunne, in ta rubuta faɗan kishiyoyi kamar kana tsakar gidan. Nakan karanta a lokacin hutuna a tashar Helsfyr, in tura mata gyara ta murya, domin ba ta da wani editan. Bara na ba ta labarin mahaifin Nesbø, na ce mata Baba fa ya yi Yaƙin Basasa, kuma tunda muka taso bai taɓa ce mana uffan a kai ba, in ban da tabon da ke ƙafarsa da yadda yake tashi ya bar wurin in an harba abin wasan wuta.

Ta ce, "Yaya, Baba ba zai yarda ba. Ni wace ce da zan tambaye shi?"

Na ce ta gwada, ta bari sai bayan la'asar in ya zauna a zaure shi kaɗai, ta kai masa shayi ta zauna daga gefe.

Sau uku tana zuwa yana kawar da zancen. A na huɗu ya tambaye ta ko wayar tana ɗauka, ta ce eh, Baba. Ya yi shiru, sannan ya fara da sunan wani abokinsa ɗan Gumel da suka shiga soja rana ɗaya, wanda ya bari a bakin kogi a kusa da Onica. Minti arba'in da bakwai ta turo mini. Na saurara a cikin bas babu kowa, ƙanƙara na sauka a kan gilashi. Yanzu tana babi na shida, kuma wannan karon ta ce ba za ta saka shi a WhatsApp ba sai ta gama.