Sarkin Telolin Tudun Wada

Tunda wasu sun fara ba da labarin nan a karkace, har da ƙarin gishirin cewa wai suma na yi, gara in bayar da bakina tun ina da sauran haƙora.

Ƙarshen 1964 ne, hunturu na tsaga leɓe. Ina shagon Baffa a Tudun Wadan Zariya, aikina guga da sa maɓalli da sayo zare, sai kuma babban muƙamina, wato kula da rediyo. Philips ce mai jakar fata, Inna har 'yar riga ta saƙa mata. Kafin ita akwatin nan mai waya muka sani, wanda ake kafewa a bango, ba ka da zaɓin tasha, abin da aka turo shi za ka sha. Da gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962 sai Baffa ya sayar da keken hawansa ya sayo wannan. Ni ke ɗaure wayar eriya a reshen dogon yaro, ni ke murɗawa zuwa mita 49, ni ke shanya batir a kan kwano idan ya fara sanyi.

To lokacin duk saurayin da ba a taɓa kiran sunansa a Zaɓi Sonka, filin gaisuwa na rediyon Kaduna, ba, bai cika saurayi ba. Na tara kuɗin kati da na kan sarki, na kai wa mutumin naku ya rubuta mini, saboda shi ya yi aji bakwai, hannunsa a miƙe yake. Kun san shi. Shi ne yanzu yake riga kowa zuwa sahun gaba, yana yi wa yara faɗa a kan waya. Abin da na faɗa masa bai wuce layi uku ba: a gai da Baffa, a gai da Inna, a gai da abokai, a ƙarshe a ce "da wata ƙanwata". Mai hankali ta san kanta. Sai bayan katin ya tafi Kaduna ya tare ni a bakin famfo yana wani munafukin murmushi, ya ce, "Na ɗan gyara maka." Na ce me ka gyara? Ya ce, "Za ka ji."

Tun daga nan, in lokacin filin ya yi sai in rage murya in kai rediyo bayan labule, wai ina goge mata ƙura. Da haka aka ci gaba da lafiya lau. Sai siyasa ta shigo.

An yi zaɓen tarayya ranar 30 ga Disamba, 'yan UPGA, ƙawancen 'yan adawa, sun ƙaurace, Zik yana shugaban ƙasa ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ƙasa ta yi tsit, kowa kunnensa na rediyo. A layinmu kuwa rediyo ɗaya ce mai murya, ta Baffa. Ana idar da asuba dattawa suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago, kowa ya naɗe kunne da rawani. Liman ya zo. Malam mai gyaran agogo ya zo, shi ɗan NEPU ne na a-mutu. Alhaji mai goro ya zo da buzunsa, shi kuma NPC har ɓargo. Ba sai na faɗa muku ko 'yar wa ce "wata ƙanwata" ba.

Aka buɗe tasha da karatun Alƙur'ani, aka yi labarai, babu sabon abu. Aka shiga shirin manoma, ana bayanin auduga da gyaɗa, ba wanda ya motsa, alhali a cikinsu ba mai ko kunya ɗaya ta gona. Aka yi labarai da Turanci, duk suka yi shiru suna gyaɗa kai, wanda ya fi kowa jin Turanci a wurin shi ne mai agogo, shi ma iyakarsa lambobin Rumawa. Har shirin mata suka saurara, ana koya yadda ake yi wa jariri wanka a lokacin sanyi, Alhaji ya ce kada a kashe, ana iya katsewa a ba da sanarwa.

Da na ga rana tana yi babu alamar watsewa, suna tafiya azahar na cire batir masu rai na zuba tsofaffin da ke kan kwano. Dabarar ta ci. Wajen la'asar murya ta fara shaƙewa, ta koma can ƙasa-ƙasa, ta ɗauke. Na yi fuskar jimami, na bubbuga ta, na ce, "Baffa, batir ne." Baffa ya ce jiya-jiya aka sa. Na ce ai sanyi ne ke cinye su.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya zaro sule biyu. "Kai ɗan nan, ruga kanti ka sayo Berec."

Na karɓa da hannu biyu, na zaga bayan masallaci na tsaya, na dawo na ce, "Baba Alhaji, sun ƙare." Sai ya miƙa wa ɗansa, ƙaninta, wannan mai ƙafar barewa. Kafin in gama zama ya dawo da su a takarda, har da canji. Kuma ni aka sa na zuba su da hannuna.

Rediyo ta farka da ƙarfin da ban taɓa jin ta da shi ba. Kiɗan buɗe filin gaisuwa ne ya tarbe mu. Na kai hannu zan murɗa, Baffa ya ce bar ta.

An karanta na Gusau, an karanta na Nguru, an karanta na wani ɗan sanda a Jos. Na fara sakin jiki. Sai na ji mai gabatarwa, da muryar nan tasa mai sanyi, ya ce sai kuma kati daga Tudun Wadan Zariya. Ya kira sunana. Ya kira sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ya ɗan tsaya, kamar yana gyara takarda, ya ce, "Wanda aka fi sani da Sarkin Telolin Tudun Wada."

Keken Baffa yana tafiya tun safe, ƙar-ƙar-ƙar. Ya tsaya.

"Yana gai da yaran shagonsa baki ɗaya, musamman Baffa."

Musamman Baffa. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗinki, wanda har daga cikin Birni ake kawo masa aikin babbar riga.

Da a nan aka tsaya da na sha duka na huta. Sai ya ci gaba: yana gai da hasken idonsa, ya kira sunanta, ya kira sunan gidansu, har da "mai goro", don kada wani ya yi zaton wata ce. "Ya ce tun da ya gan ta a bakin famfo tuwo ya daina wuce masa." Sannan aka sako kalangu.

Ni dai ina durƙushe gaban rediyo, hannuna a kan maɓallin murya, bayana ga jama'a. Na ƙudurta ba zan juyo ba har tashin kiyama. Kuma ina ganin da an bar abin haka, kowa zai yi kamar bai ji ba, don dattawan da sun iya wannan. Amma Liman kunnensa ya yi nauyi. Ya dafa mai agogo ya ce, "Me aka ce? Zik ya sauka?"

Wannan bawan Allah, mai agogo, shi ne har yau ban gama da shi ba, ko da yake ƙasa ta daɗe da rufe masa ido, Allah ya gafarta masa, ni ma ina ƙoƙari. Yana iya cewa gaisuwa ce kawai, Allah gafarta Malam. Kalma nawa ce? A'a. Ya gyara zama, ya cire gilashin nan mai ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya kai baki kunnen Liman, ya maimaita katin daga farko har ƙarshe da muryar da ta fi ta rediyo. Da ya zo kan tuwo Liman ya ce, "Wane tuwo?" Ya sake. Ya ƙara da miya, wadda ba ta cikin katin. Duk don ya ƙona ran Alhaji ne saboda gardamar da suka yi da safe a kan akwatin zaɓe, ni ban da ƙuri'a ma, amma ni aka yanka. Mutumin da agogon Baffa ya shekara a teburinsa, kullum "gobe". Mutumin da in ya karɓi shayi sai ya ce a rubuta.

Liman ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "To ai jiya na gan shi da malmala biyu a gidan suna."

Nan wurin ya fashe. Mai shayi ya zauna a ƙasa. Ƙanin nata ya kwasa da gudu ya yi gida, ba sai an gaya mini abin da ya tafi yi ba.

Baffa bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Ranka ya daɗe Sarki, a taimaka wa yaro da almakashi." Na miƙa masa ina rawar jiki. Ya ce, "Godiya muke."

Alhaji kuwa ya naɗe buzunsa a hankali, ya tako har inda nake. Na rufe ido. Sai na ji ya ce, "Kai, ciro mini batirina." Na ciro. Ya ƙirga, ya zuba a aljihu, ya tafi.

Saboda haka ranar ba a ji labaran dare ba, ba a ji London ba, don ba ni da bakin da zan ce masu ran suna cikin aljihun wandona. Wannan ma a kaina aka ɗora, wai na hana unguwa sanin halin da ƙasa ke ciki. Da Zik ya kira Tafawa Ɓalewa bayan 'yan kwanaki, a bakin wani ɗan kamasho muka ji.

Ita kam kun san wanda ta aura, ma'aikacin jirgin ƙasan nan, kuma ba ni da abin cewa, mutumin kirki ne. Mutumin naku har gobe cewa yake mai gabatarwa ne ya ƙara, shi abin da na faɗa ya rubuta. Canjin kan sarkina, taro, yana hannunsa. In kun haɗu a masallaci ku tambaye shi, amma ku bari a yi sallama tukuna.